Ɗorin Mussa a Tasawa

Tasawa, bayan girbin gero

Zuwa ga maigidana, Mushe Sharifu, malamin makaranta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya 'yan lakwal ɗinka, ɗaliban nan masu ƙiriniya, ya kuma ciwon bayan nan? Ina fata ka daina ɗaukar jarkar ruwa da kanka. Mu nan ƙalau muke. Ɗiyarka Fatiha ta yi ƙiba, haƙorinta na gaba ya faɗi, ta ce in gaishe ka amma kar in gaya maka zancen haƙorin. Tunda garin da aka kai ka ba rezo, kira ba ya shiga, wayar salula ta zama kayan ado, sai ka yi haƙuri da rubutuna. Direban da ke zuwa kasuwarku zai miƙa maka.

Na ga saƙonka. Ka ce direban ya gaya maka gidanka ya koma gidan mussoshi, wato kyanwoyi, wai har bisa gadonka suke kwana. Wannan ƙari ne irin na direbobi, ko ƙofar ɗakinka ba su sani ba. Amma sauran maganar da gaskiya a ciki, kuma gara ka ji ta daga gare ni.

Ran kasuwa ne na je cefane. Bayan rumfunan 'yan wake, inda manyan motocin kamyo ke lodi, na ji wani kuka siriri. Na leƙa, sai ga mussa ja da fari kwance cikin ƙasa, babur ya bi ta kan ƙafarta ta baya. Masu dako suka ce tun jiya take nan tana jan jiki. Ka san halin mutanenmu, ba mai yarda ya ƙarasa mussa don tsoron alhaki, ba kuma mai yarda ya ɗauke ta. Sai a yi ta tsallake ta ana Allah sarki har rai ya yi halinshi.

Ni ma da niyyar wucewa na tsaya. Amma na duƙa na ɗan taɓa ƙafar, shi ke nan. Wadda ta tashi a zauren Kawu Alamin, tana riƙe ƙafafun mutane yana ɗori tun ba ta iya ɗaura zani ba, in ta taɓa karaya hannunta ba ya tambayar ko ta wa ce. Karaya ce mai sauƙi, guda ɗaya, ƙasan gwiwa, ƙashi bai huda fata ba. Na cire mayafina na naɗe ta. Ta gode mani da farce, ga shaida nan a damtsena.

A gida na kira maƙwabciyarmu Mairo mai ƙosai ta riƙe mani ita. Mairo ta yi ta salati tana cewa na zare, amma ta riƙe, kuma riƙo mai kyau. Karan dawar da muke ɗori da shi ya yi wa ƙafar kauri ko da na tsaga shi. Sai na aika wurin mai tsiren bakin titi ya ba ni tsinkayenshi, na wanke, na tafasa, na yanke su daidai, na shimfiɗa auduga, na ja ƙashin ya zauna, na ɗaure. Mushe, da ka ga ɗaurin da ka ce a kai shi Yamai a nuna. Fatiha ta sa mata suna 'Yar Kasuwa.

Daga nan labari ya zaga kartiye, unguwa duk ta ji. Mai tsiren da kanshi ya kawo mani wani muzuru cikin buhu, an watsa mashi tafasasshen ruwa don ya saci 'yan tsaki, bayanshi duk ya saɓule. Wata mata ta kawo wata 'yar baƙa da tarkon gafiya ya kama wa ƙafa. Na share tsohon akurkin kaji da ɗakin ajiyar nan da ba kowa, can suke. Ba na taɓa abincin gida. Kan kifi ne da ake zubarwa da guntun tuwo, sai ɗan nonon da Mairo ke rago mani.

To ga inda maganar take. Sirajo, babban ɗan Kawu, ya zo Tasawa sayar da wake, ya biyo gida. Ya iske ni zaune da 'Yar Kasuwa bisa cinya ina sake mata ɗauri. Bai ce komai ba. Ya sha furarshi, ya yi wa Fatiha wasa, ya tafi. Na san wannan shirun, tare muka tashi. Ba a yi kasuwa biyu ba sai ga saƙo daga Atantane, ƙauyen Kawu.

Kawu ya ce ɗorin gidanmu na ɗan Adam ne, haka ya gada, haka zai bari. Ya ce mutane na tasowa daga garuruwan Mayahi da Sarkin Hausa su zo zaurenshi don sun yarda da hannun gidan, kuma ran da suka ji hannun nan na jagwalgwala mussoshin bola, ba mai sake miƙa ƙafarshi. Ya ce in tuna shi ya buɗe mani hannu. Ba sai na tuna maka ba, kana tsakar gida ranar da za a kawo ni gare ka, ya kama tafina ya yi tofi gaban shaidu, ya ce in yi wa mata ɗori duk inda aure ya kai ni. To ya ce wanda ya buɗe shi ke rufewa. Matar Sirajo na gab da haihuwa. In na zo suna, ko in zo da alkawarin na bar mussoshi, ko ya rufe hannun.

Kar ranka ya ɓaci, nawa bai ɓaci ba. Mutumin nan shi ya riƙe ni tun ran da aka binne mahaifiyata, ban san wani uba ba sai shi, kuma ba zan yi mashi tsaurin ido ba. Amma ban ga laifin da na yi ba, kuma ban iya ɗaukar alkawarin da na san zan saɓa. Ka rubuto mani abin da ka gani.

A gaida diraktan lakwal ɗinku da maiɗakinshi. Ka riƙa cin abinci.

Taka,
Sakina

Tasawa, sanyi ya fara

Maigida,

Assalamu alaikum. Da fatan ka tashi lafiya, ya sanyin can? Na sa maka rigar sanyinka da yaji cikin leda, ka tambayi direba, kar ya ce ya manta. Mu nan lafiya lau, sai kewarka.

Na karanta wasiƙarka har Fatiha ta tambaye ni ko jarabawa zan yi a kanta. Ka ce in bi tsoho a hankali, mussa ba ta kai a rasa albarkar Kawu a kanta ba. Maganarka ta masu hankali ce, shi ya sa gwamnati ta ba ka alli. Amma bari in ba ka labarin majinyatana tukuna, sannan ka sake auna ni.

Na je elbaj, ofishin likitocin dabbobi, wurin Malam Hashim. Na zaci zai yi mani dariya, sai ga shi ya hau babur ya biyo ni gida. Ya yi masu allurar haukan kare, ya kore ni zuwa likita saboda cizon da muzurun ya yi mani, ya kuma ja mani kunne kar in kuskura in ba mussa parasetamol, wai kashe ta yake. Allah ya kiyaye, da ma ina ta tunanin ɓare wa muzurun rabi don ya samu barci. 'Yar baƙar nan ƙafarta ta riga ta ruɓe, na ce ba aikina ba ne, shi ma ya ce haka, ya ɗauke ta ya yanke ƙafar. Yanzu da uku take yawo, kuma ita ce ta fi kowa sata. An kawo mani wata da mota ta take wa ƙugu, wannan kam ba ta yi ba. Na sa ta inuwa, na ɗiga mata ruwa a baki har ta cika, na haƙa rami bayan gida na rufe ta. Na ji ciwonta, amma ba a bisa titi ta mutu ana tsallake ta ba.

Muzurun kuwa, zuma nake shafa mashi, shi kuma yana lashewa. Sai da na huda tsohon faifai na sa mashi a wuya sannan muka shirya. Fatar ta rufe, gashi ne dai ba zai sake fita ba. Mairo, wadda ta ce na zare, ita ta karɓe shi, wai ɓeraye sun dame ta a buhun wakenta. Yanzu har 'yan kasuwa masu sito ke aiko mani da tambaya ko akwai wata da ta warke.

'Yar Kasuwa ita ce abin alfaharina. Na kwance mata tsinkaye, ƙashi ya kama. Sai dai ta ƙi taka ƙafar, ta saba da ɗage ta, kamar yadda mutane ke yi in an kwance su. Kullum da hantsi ina murza mata man shanu, in lanƙwasa in miƙe. Sannan in ɗaura kan kifi a zare in rataya shi jikin turmi, inda sai ta miƙe bisa ƙafafun baya za ta kai. Ta yi fushi da ni, ta yi kuka, yunwa ta sa ta miƙe. Shekaranjiya na fito na gan ta bisa katanga tana lasar hannu. Ba wanda ya ɗora ta.

Yanzu ga amsata. Tofin gidanmu, wanda Kawu ya koya mani a asirce, ban taɓa yin shi bisa mussa ba, kuma ba zan yi ba. Bismillah kawai nake yi, ita kuwa ba ta gidan kowa ba ce. Abin da ya rage shi ne abin da yatsuna suka sani, wannan kuma ko na so ba zan iya ajiye shi a Atantane in dawo ba. In na yi wa Kawu alkawari yau, gobe na ji kuka bayan rumfa, duƙawa zan yi. Ka ga na zama mai yi wa tsoho ƙarya, wannan kuwa ya fi mani nauyi bisa rufe hannu.

Matar Sirajo ta sauka, namiji. Zan je suna, kuma da 'Yar Kasuwa zan je. Na san me za ka ce, shi ya sa na bari sai da direba ya kusa tashi na rubuta. Kawu ido ya yi rauni, amma yatsunshi na nan yadda ka san su. Labari aka kai mashi, bai taɓa aikin ba. Ina so ya taɓa. In ya taɓa ya ce a'a, to ya yanke hukunci bisa abin da ya sani, ni kuma in karɓa.

Ka yi mani addu'a, ka bar faɗan sai ka zo hutun bakansi.

Matarka mai kunnen ƙashi,
Sakina

Tasawa, bayan dawowata daga Atantane

Maigida,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya kai da mutanen gidan da kake. Mun dawo lafiya. Yaro ya ci sunan Isufu, ƙato ne, uwar ma ta samu jiki. Kowa ya tambaye ka.

Ba zan ja maka rai ba. Kawu ya rufe.

Mota muka shiga har Mayahi, daga nan babur cikin rairayi, kwando bisa cinyata na rufe da zani. Mai babur ya zaci kaza ce ta barka, sai da ta yi kuka ya kusa zubar da mu. Na ɓoye ta a ɗakin da na tashi a ciki, na shiga hidima, na yi daka, na yi rabon waina, ba wanda ya san da ita sai Fatiha. Sirajo na ta kallona ta gefen ido.

Bayan la'asar, jama'a ta ragu, Kawu ya aiko in zo zaure. Yana bisa buzunshi, liman na gefe, Sirajo na bakin ƙofa. Ya rame, Mushe. Wuyan rigarshi ya yi mashi yawa. Na durƙusa na gaishe shi, ya sa mani albarka, ya tambaye ka, sannan ya tambayi abin da na zo da shi. Na ce na zo da majinyaciya, ina roƙon ya duba aikina kafin ya yi magana. Na buɗe kwando. Sirajo ya miƙe tsaye, liman ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Ni kuwa na riƙe ta da kyau na kama hannun Kawu na ɗora bisa ƙafar.

Na zaci zai fizge. Bai fizge ba. Ya bi ƙafar daga ƙugu har ƙasa, a hankali, ya dawo, ya tsaya daidai wurin karayar ba wanda ya nuna mashi. Ya kama ɗayar ƙafar ya gwada tsawo. Ya lanƙwasa gwiwar ya miƙe. Ita kuma ja'irar, wadda ta yage ni ta yage Mairo, ta yi lamo tana gurnani. Ya tambaye ni da me na ɗaure, na ce da tsinken tsire. Ya tambayi yadda na hana ta cire ɗaurin da haƙori, na gaya mashi. Ya tambaya ko na yi mata tofin gida, na ce a'a, Allah ne shaida. Ya sake shafa ƙafar. Wallahi a lokacin na gama yarda na ci nasara.

Sai ya janye hannu ya goge a buzu. Ya ce aiki ya yi kyau, ba zai ɓoye ba, amma ba kyawun aiki ya tambaye ni ba, alkawari ya tambaya. Na ce Kawu ka gafarce ni, ba ni da shi. Ya sake tambaya, na sake faɗin haka. Ya ce in miƙo hannun dama. Ya naɗe yatsuna cikin tafin, ya rufe da hannuwanshi biyu, ya ce liman da Sirajo su shaida, daga yau ba na ɗora ɗan Adam da sunan gidanshi. Ya riƙe hannuna fiye da yadda maganar ke bukata.

Ban yi kuka a gabanshi ba. Na yi godiya, na ɗauki kwandona na fita. Da safe da za mu taso, sai ga shi ya sa an ɗaura mani gero da cinyar ragon suna bayan babur, kamar kullum, amma bai fito ba. Tun ina yarinya ban taɓa barin gidan nan bai raka ni bakin ƙofa ba. Kukan a bisa babur na yi shi, daga Atantane har muka hango Mayahi, Fatiha na share mani fuska da gefen hijabinta.

Kar ka ce da ma na gaya maki. Na sani ka faɗa. Kuma kar ka ɗauka na yi nadama, don ban yi ba. Na gaya mashi gaskiya, shi ma ya gaya mani tashi, ba wanda ya cuci wani. Hukuncinshi zan bi shi sawu da ƙafa, ba zan taɓa ƙashin mutum ba ko a ɓoye. Amma ina jin abin a ƙirjina in na tashi da safe, kuma ban san ranar da zai sauka ba.

Da muka iso na iske an ajiye mani wata a bakin ƙofa cikin kwali, wayar ƙarfe ta yanke mata ciki. Na wanke hannu na hau aiki.

Ka kula da kanka. Ina son ganinka ƙwarai.

Taka har kullum,
Sakina

Tasawa, ran Laraba

Mushe nawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan ta same ka lafiya, ya gajiyar jarabawar yara? Na gode da wasiƙarka. Ka kyauta da ba ka yi mani gori ba, na ga wurin da ka fara rubutawa ka soke. Fatiha na gaishe ka, sabon haƙori ya leƙo.

Kwanakin nan sun yi mani tsawo. Wanda ya fi ci mani rai shi ne ranar da aka kawo wata tsohuwa daga Hawandawaki bisa amalanke, ta faɗi bakin rijiya ta karye a wuyan hannu. Ni ta sani, ni na ɗora ɗiyarta bara. Ina kallon hannun na san abin da ke ciki, na san ba zai ɗauke ni tafasar shayi ba. Na sa hannuwana a baya na ce mata an rufe ni. Ba ta gane ba, ta yi ta miƙo mani shi tana kiran sunana. Na hau amalanken na raka su asibiti, na zauna har aka sa mata filasta. Sun yi aikinsu da kyau, Allah ya saka masu. Da na dawo gida ban iya cin tuwo ba.

To jiya da hantsi ina tsakar gida ina wanke wa mussar nan ta kwali raunin cikinta, ya kusa rufewa ma, sai na ji babur ya tsaya. Sirajo ne, fuska a murtuke, ƙura har gira, ya rungumo kwandon da matarshi ke zuba kayan jariri. Na zaci wani abu ne ya samu Kawu. Ya ce lafiya lau yake. Ya dire kwandon a gabana ya koma gefe ya zauna, ko ruwa bai karɓa ba.

Na buɗe. Wata mussa ce toka-toka, ramammiya, irin waɗanda ke kwana ƙarƙashin rumbuna ba mai su. Sirajo ya ce ƙafar amalanke ce ta bi ta kan hannunta, ƙafar gaba, a ƙofar gida, ta ja jiki ta shige zaure, ta kwanta tana kuka kusa da buzun Kawu. Ya ce shi ya tashi zai fitar da ita, Kawu ya ce a bar ta. Sai Kawu ya ce a miƙo mashi ita.

Mushe, a ɗaure ta zo. Karan dawa ne an tsaga shi siriri iyakar yadda zai tsagu, an naɗe da sawaye, farin ƙyallen saƙa, an yi ƙullin nan na gidanmu da ba mai yin shi sai mu. Ga ƙamshin man shanu. Na riƙe hannun mussar ina kallon ƙullin, idona ya cika, har ita ta gaji ta kai mani cizo.

Sirajo ya ba ni saƙon yana kallon ƙasa. Kawu ya ce ya gwada, ya kwance, ya sake gwadawa, ƙashin ya yi wa yatsunshi ƙanƙanta, yana kufce mashi. Ya ce a kai ta Tasawa wurin Sakina, ita ta san wannan. Sirajo ya ce shi tun da ya yi wayo bai taɓa ganin an fitar da majinyaci daga zauren nan an kai wa wani maɗori ba, ko a zamanin kakanmu bai ji labari ba. Na tambaye shi ko Kawu ya ce wani abu game da hannuna. Ya ce shi ma ya tambaya, Kawu ya ce mashi ya taɓa ganin an aika majinyaci wurin hannun da ke rufe? Daga nan ya juya mashi baya ya ja carbi.

Ban tsaya wani dogon zance ba, mai ciwo na jira. Na kira Mairo ba ta nan, sai na ce wa Sirajo ya matso ya riƙe. Ya dube ni, na dube shi. Ya naɗe hannun riga ya riƙe, kuma ta yage shi son ranta. Na kwance ɗaurin Kawu. Gaskiyarshi, ƙashin bai zauna ba, ya ɗan hau bisa ɗan'uwanshi. Na ja, na ji ya faɗa wurinshi, na sa tsinkayena na ɗaure. Na ce wa Sirajo in ya koma ya gaya wa Kawu ɗorinshi ya kauce kaɗan ta waje, na gyara. Sirajo ya ce shi ba zai iya faɗa wa tsoho haka ba. Na ce ya faɗa, don in aka ce mashi daidai ya yi, zai san ƙarya ce, kuma ni ce zan sha faɗan.

Ta sha nono da yamma, yau ma ta sha. In ta taka ƙafa, ni da kaina zan mai da ta Atantane ya duba aikin. Na kuma aika Hawandawaki a gaya wa tsohuwar nan in an cire mata filasta ta zo in murza mata hannun.

Ka gaida dirakta da duk masu tambayata. Allah ya dawo mana da kai lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce matarka, ɗiyar gidan Alamin maɗori,
Sakina